Idan Ɗa Yana Zaune a Ciki, Uwa Kuma Ta Ce Ba Ta Son Aiki

'Yan'uwa, a zagayen da muke yi cikin ikilisiyoyin ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, akwai labari ɗaya da muke yawan ji a taron zumuntar mata. Mace ta je awo cikin wata na tara. An ɗauki hoton cikin, an ce mata ɗan a zaune yake, kansa yana sama, kuma mai yiwuwa sai an yi mata aiki. Ta ce to. Ta naɗe katinta a bakin zane, ta hau mota ta dawo gida, ba ta sake komawa ba. Ran da naƙuda ta tashi, tana ɗaki tare da surukarta da ungozomar unguwa. Wani lokaci Allah yakan sauke ta lafiya. Wani lokaci kuma jikin ɗan ya fito, kai ya maƙale, kafin a samo mota a kai ta cikin gari an makara.

Da muka tambayi irin waɗannan mata abin da ya hana su komawa, amsar kusan ɗaya ce. Suna tsammani in sun koma za a yi musu aiki dole, ko kuwa a kore su don sun ƙi. Dukan biyun ba haka doka ta ce ba. Mace tana da ikon ƙin tiyata, kuma tana da ikon a ci gaba da kula da ita bayan ta ƙi. A wannan fitowa muna so mu bayyana yadda abin yake, domin kada tsoron wuƙa ya sa wata ta gudu daga wurin da taimako yake.

Mene ne zaman ɗa a ciki?

A farkon ciki ɗa yana da fili, yana juyawa yadda ya ga dama. Idan haihuwa ta matso, yawancin 'ya'ya sukan juya kai ya koma ƙasa. Amma wajen 3 ko 4 cikin kowane 100 sukan kai wata tara ba su juya ba. Wannan ba laifin uwa ba ne, ba kuma sammu ba ne. Yakan faru idan haihuwa ta zo kafin lokaci, ko tagwaye ne, ko ruwan ciki ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ko mabiyiya ta tare hanya. Sau da yawa ma ba a samun wani dalili.

Zaman iri uku ne. Akwai ɗan da ya zauna ya miƙe ƙafafunsa sama wajen fuskarsa. Akwai wanda ya zauna ya naɗe ƙafafu. Akwai kuma wanda ƙafarsa ɗaya ko biyu ce a ƙasa, ita za ta fara fitowa. Na ukun ya fi haɗari. Kwanciyar gicciye kuwa wani abu ne dabam: ɗan da ya gitta ba ya fitowa ta hanya ko kaɗan sai an juya shi ko an yi aiki.

Haɗarin yana ga kai. Kai shi ne mafi girma da tauri a jikin jariri. Idan shi ya fara zuwa, yana buɗe hanya a hankali cikin sa'o'i, sauran jiki ya biyo baya da sauƙi. Idan kuwa ɗuwawu ko ƙafa suka fara, jiki yana iya zamewa ya fito tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba, sai kai ya tsaya. A lokacin nan kan yana danne cibiya, wadda ta nan ne ɗan yake samun iska. 'Yan mintoci kaɗan ne suka rage masa. Hannu ma yana iya maƙalewa a bayan wuya, ko cibiya ta riga ɗan fitowa da zarar faya ta fashe.

Me ya sa likitoci suka fi ba da shawarar aiki?

A shekarar 2000 an buga sakamakon wani babban bincike da wata likita 'yar Kanada, Mary Hannah, ta jagoranta. An bi mata 2,088 a asibitoci 121 cikin ƙasashe 26. Cikin jariran da aka shirya ciro su ta tiyata, wajen 16 cikin 1,000 ne suka mutu ko suka sami mummunar illa a kwanakin farko. Cikin waɗanda aka shirya haifarsu ta hanya, wajen 50 ne cikin 1,000. Daga nan asibitoci da yawa a duniya suka koma yin tiyata ga kusan duk ɗan da ke zaune.

Labarin bai ƙare a nan ba. A 2004, da aka sake duba yaran suna shekara biyu, ba a ga bambanci a girmansu da lafiyar ƙwaƙwalwarsu tsakanin ɓangarorin biyu ba. A 2006 wani binciken da aka yi a Faransa da Beljiyam a kan mata kimanin 8,000 ya nuna cewa inda aka tantance matan da kyau, kuma ƙwararre yana tsaye a kansu, haihuwa ta hanya tana iya tafiya lafiya ƙalau. A 2017 ƙungiyar likitocin mata ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa a asibitocinsu wajen jarirai 2 cikin 1,000 ke mutuwa idan an shirya haihuwar mai zaune ta hanya, wajen 1 cikin 2,000 kuma idan an shirya tiyata.

Abin da za mu riƙe shi ne, ga jariri tiyatar da aka shirya ta fi aminci. Haihuwa ta hanya kuma tana yiwuwa, amma da sharuɗɗa. Mu lura cewa dukan waɗannan alƙaluma daga asibiti suka fito, inda ɗakin tiyata yake kusa. Babu ko ɗaya da ya shafi haihuwa a ɗaki a ƙauye.

Tsoron aiki yana da dalilinsa

Kada mu raina macen da ta ƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wata tana tunanin kuɗi, gidan kuma hatsi ne kawai dukiyarsu. Wata ta san wadda ta shiga ɗakin tiyata ba ta fito ba. Wata tana gudun gorin dangin miji, a ce ba ta iya haihuwa da kanta ba, tun da an ce haihuwa yaƙin mata ce. Wata kuma an gaya mata bayan aiki ba za ta ƙara haihuwa da yawa ba.

Akwai gaskiya a wasu daga cikin waɗannan. Wani bincike da aka buga a 2019 daga ƙasashen Afirka ya gano cewa mutuwar uwa bayan tiyatar haihuwa ta ninka ta ƙasashe masu arziki kusan sau 50. Amma yawancin waɗannan tiyatu na gaggawa ne. Aikin da aka yi wa macen da ta kwana biyu tana naƙuda, ta galabaita, jini ya zuba, ba ɗaya yake da wanda aka sa wa rana, aka tanadi jini, aka yi da safe ba. Haka kuma tabon da aiki ke bari a mahaifa yana nufin duk haihuwar da za ta biyo baya dole a asibiti za a yi ta, domin tabon yana iya fashewa. Wannan abin dubawa ne ƙwarai ga mai son 'ya'ya da yawa. Duk da haka, mata da dama sukan haihu da kansu bayan aiki ɗaya, idan sun ba da tazara kuma an lura da su. A yawancin lokuta ma allurar baya ake yi, mace tana farke, ta ji kukan ɗanta.

Abin da doka ta ce

A 2001 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci a shari'ar wani likita, Dokta John Okonkwo. Wata majinyaciyarsa, mabiyar Shaidun Jehobah, ta ƙi ƙarin jini saboda imaninta. Ya bi nufinta, ta rasu, hukumar ladabtar da likitoci ta hukunta shi. Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce babban mutum mai hankalinsa yana da ikon ƙin magani, ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa. Shari'ar ta tabbatar da 'yanci, ta kuma nuna mana nauyinsa.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara abubuwa biyu. Sashe na 23 ya ce dole ma'aikacin lafiya ya bayyana wa majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da amfani da haɗarin kowace, da ikonsa na ƙi, cikin harshen da yake ji. Sashe na 20 ya hana ma'aikaci ko asibiti ƙin kula da wanda ya zo cikin halin gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da takardar 'yancin majinyata wadda ta maimaita waɗannan.

Akwai abin da ya kamata magidanta su sani. A al'adarmu, miji ake nema ya sa hannu. Shawarar mata da miji abu ne mai kyau, muna ƙarfafa ta. Amma a gaban doka, babbar mace mai hankalinta ita ce mai cewa i ko a'a a kan jikinta. Miji ba ya iya sa a yi mata aiki dole. Idan kuma ta yarda, bai kamata a zauna jiran maigidan da ya tafi kasuwar Giwa ko cin rani ba alhali ɗa yana wahala.

Yadda asibiti ke yi idan mace ta ƙi

Ka'idodin asibitoci sun ɗan bambanta, amma matakan da aka saba bi su ne waɗannan.

Na farko, bayani. Babban likita zai zauna da ke, da maigida in kina so, ya faɗi abin da hoto ya nuna. Zai rubuta a fayil cewa an yi miki bayani kin ƙi, wataƙila a ce ki sa hannu. Sa hannun nan shaida ce kawai cewa kin ji. Bai rufe miki ƙofa ba, kuma kina iya canza ra'ayi a kowane lokaci.

Na biyu, juya ɗan. Daga mako na 36 ga mai cikin fari, ko na 37 ga wadda ta taɓa haihuwa, likita yana iya ɗora hannu a kan ciki ya juya ɗan a hankali har kai ya koma ƙasa. Ana dacewa a wajen rabin matan da aka gwada. Ba a yi idan akwai zubar jini, ko faya ta fashe, ko mabiyiya tana ƙasa, ko tagwaye ne. A asibiti mai ɗakin tiyata kaɗai ake yi, ana sauraron bugun zuciyar ɗan kafin da bayan. Wannan ita ce damar da mata da yawa ke rasawa don sun makara zuwa awo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, tantancewa. Idan bai juyu ba, za a duba ko haihuwa ta hanya za ta yiwu. Likita zai ja kunne sosai idan ƙafa ce a ƙasa, ko ɗan ya kusa kilo 4, ko ya yi ƙanƙanta da yawa, ko ya ɗaga kai baya, ko ƙugun uwa ƙarami ne, ko an taɓa yi mata aiki. Idan mabiyiya ta rufe bakin mahaifa, ko ɗan ya gitta, babu wata hanya sai tiyata, kuma ran uwa ma yana cikin haɗari.

Na huɗu, turawa. Ƙaramin asibiti yana iya cewa ba shi da wanda ya ƙware a karɓar irin wannan haihuwa, ya ba ki takarda zuwa babba. Wannan ba kora ba ce. Tun da tiyata ta yawaita, ma'aikatan da suka saba karɓar mai zaune sun ragu, kuma wanda ya faɗi gaskiya ya taimake ki.

Na biyar, ranar naƙuda. Ana so ki zo da zarar ciwo ya fara. Za a riƙa sauraron zuciyar ɗan, a lura da buɗewar hanya. Ba a cika yin allurar ƙara naƙuda ba. Ƙwararriyar ungozoma ba ta jan ɗa. Takan bar shi ya sauko da kansa, sannan ta taimaka wa hannuwa da kai. Ki sani cewa a Birtaniya wajen mata 4 cikin 10 da suka fara ta wannan hanya sukan ƙare da tiyata. Saboda haka tun a ɗakin awo ku yi magana da likita: in zuciyar ɗan ta raunana, ko naƙuda ta tsaya, ko cibiya ta fito, kin yarda a yi aiki? Mata da yawa da suka ƙi aikin da aka sa wa rana sukan yarda da wannan sharaɗi, kuma shi ke ceton rai.

Akwai wata takarda dabam da ake ba wanda ya nace zai bar asibiti ba da yardar likita ba. Muna roƙo, kada ku yi saurin sa hannu a wannan. Ko an riga an sa, a dawo idan naƙuda ta tashi.

Darasin da Zariya ta koya wa duniya

Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun rubuta bayanin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, aka buga a 1985. Abin da ya fi fitowa fili shi ne, matan da ba su yi awo ba, waɗanda aka kawo su bayan abu ya ɓaci a gida, su ne suka fi mutuwa, ninki da yawa bisa waɗanda suka yi awo. Masu duba lafiyar mata a duniya sun yi amfani da wannan aiki ƙwarai. Mu da muke zaune a ƙasar da aka yi shi, bai kamata mu manta ba.

Wuraren taimako suna nan. Akwai Babban Asibitin Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, inda aka daɗe ana yi wa masu yoyon fitsari aiki, cutar da doguwar naƙuda ke jawowa. A wajen ganuwa akwai Asibitin St. Luke na Wusasa, wanda tushensa ke komawa ga ɗakin maganin da Dokta Walter Miller ya buɗe a cikin birni bayan zuwansa a 1905, kafin mishan ta koma Wusasa a 1929. Asibitin koyarwa kuwa ya koma Shika a 2005. Game da kuɗi, a watan Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Ku tambaya tun a wurin awo ko asibitinku yana cikin shirin, da abin da ake bukata.

Batun matan Ibraniyawa

Mun ji ana yi wa masu ciki addu'a su haihu kamar matan Ibraniyawa, har wasu suna ɗaukar tiyata a matsayin rashin bangaskiya. Mu sake karanta Fitowa sura 1. Maganar ta fito ne daga bakin ungozomai biyu da ke kāre kansu a gaban Fir'auna bayan sun ƙi kashe jarirai. Ba alkawari ba ne ga kowace mace. Abin da aka yaba a labarin shi ne ungozomai masu ceton rai. Mu yi addu'a, mu kuma tafi asibiti. Fastoci da dattawa, kalma ɗaya daga bakinku tana iya sa mace ta koma awo ko ta ɓuya a ɗaki.

Idan naƙuda ta zo ba shiri

• A tashi nan da nan, kada a jira gari ya waye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. 'Yar fari ta ajiye kunya ta faɗa.
• Kada a murza ciki ko a danna shi, kada a gwada juya ɗan a gida.
• Kada a ba da jiƙo ko allurar kemis don ƙara naƙuda. Kada a yi yankan gishiri.
• Idan cibiya ta leƙo, mace ta durƙusa, ƙirji a ƙasa, ƙugu a sama, a kai ta a haka. Kada a ja cibiyar.
• Idan ɗan ya fara fitowa a hanya, kada a ja ƙafa ko jiki. Ja yana sa hannu da kai su maƙale. A bar uwa ta yi nishi, a tallafe shi kawai, a shafe shi a rufe da zane mai tsabta, a ci gaba zuwa asibiti.

Abin da ikilisiya za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar mata ta san kowace mai ciki, ta tabbata ta yi hoto a wata na takwas. A zaɓi mace ɗaya mai natsuwa da za ta raka duk wadda aka ce ɗanta yana zaune, ta taya ta tambaya: “Likita, wane irin zama ya yi? Zai juyu? In na ƙi aiki, wa zai karɓi haihuwar, kuma yana nan da dare?” A buɗe ɗan asusun gaggawa daga baikon kaka. A rubuta lambar direbobi biyu a ba kowane gida. Matasa su san rukunin jininsu. Wadda ƙauyensu ke da nisa, ko rafi ke yanke musu hanya da damina, a nema mata masauki wurin 'yan'uwa a Wusasa, Tudun Wada ko Sabon Gari tun makonni biyu kafin lokaci. Wadda aka yi wa aiki kuma, a je mata barka kamar kowa, a taya ta ɗiban ruwa da daka har ta warke.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ake faɗa a ƙauyenmu game da macen da aka yi wa aiki? Su wa ke faɗa?
2. A gidajenmu, wa ke yanke shawarar tafiya asibiti idan maigida ba ya nan?
3. Daga majami'armu zuwa asibiti mafi kusa mai ɗakin tiyata, awa nawa ne da rani, nawa ne da damina?
4. Akwai wata a cikinmu yanzu da ta daina zuwa awo? Wa zai je ya gan ta a wannan mako?

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana 'ya'yanmu. Amin.